Motar Lantarki Tsakanin Dila da Garejin Baba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Hotoro. Watanni 11 da suka wuce na sayi motar lantarki ƙirar ƙasar Sin daga wani dila a nan Kano, saboda kuɗin fetur ya ishe ni. Yanzu ta yi tafiyar kilomita 14,000, kuma allonta ya fara nuna cewa lokacin sabis ya yi. Dilan ya ce sai dai in kai ta wurin mutanensu a Abuja, in ba haka ba garantina ya tashi. Ga shi kuma akwai bakaniken da muke kira Baba, wanda tun zamanin Fijo 504 ta mahaifinmu shi ke riƙe da motocin gidanmu. Ya ce mota ai mota ce, in kawo masa, kuma na lura ransa ya sosu da ya ji zancen Abuja. Ina jin nauyinsa, ina kuma tsoron kada a lalata mini batir. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a kashe lafiya, ya kuma tsare sharrin ƙarfe. Kafin mu kai ga zancen Baba, ina son mu tsaya a kan kalmar garanti, domin a kanta dilanka ya jingina maganarsa gaba ɗaya, kuma a wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa riƙe takardarsa a hannunka ba.

A bakin mutanen Kano, kalmar dila tana ɗauke da mutum biyu waɗanda ba su da alaƙa da juna. Akwai wakilin kamfani, wanda kamfanin da ya ƙera motar ya ba shi izinin sayarwa da gyarawa a Najeriya, ya horar da ma'aikatansa, ya kuma ba shi kwamfutar da ke iya shiga ƙwaƙwalwar motar. Akwai kuma ɗan kasuwa irinka, wanda ya yi odar mota daga waje, ya biya kuɗin fito, ya jera ta a filinsa ya sayar. Na biyun ba laifi ya yi ba, sana'a ce halattacciya, amma alkawarin da zai yi maka nasa ne shi kaɗai, kamfanin bai san da shi ba. A mafi yawan lokuta garantin kamfani yana aiki ne a kasuwar da aka ƙera motar dominta, saboda haka motar da aka yi don a sayar a cikin ƙasar Sin, aka sayo ta daga can aka kawo Kano, da wuya garantinta ya biyo ta. Alamun ba su da wuyar ganewa. Idan littafin motar da yaren Sin aka rubuta shi, idan allonta ya zo da yaren Sin sai da aka juya shi, ko kuma bakin cajinta irin na can ne wanda ake kira GB/T maimakon irin na Turai, to akwai dalilin da zai sa ka matsa da tambaya.

Don haka ka koma wurin dilan, cikin mutunci, ka nemi ya nuna maka takardar garantin mai ɗauke da lambar shasin motarka da sunan kamfanin da zai biya idan batir ya samu matsala. Kamfanoni da yawa suna ba batir garantin shekara 8 ko tafiyar kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma galibi sukan yi alkawarin gyarawa ko canzawa idan ƙarfin riƙonsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari a cikin wannan wa'adi. Idan abin da ke hannunka ke nan, a rubuce, da sunan wakilin da za ka iya bugawa waya ya tabbatar maka cewa motarka tana cikin kundinsu, to ba ni da wata doguwar magana: ka kai ta Abuja a kan lokaci, a buga maka hatimi a littafin sabis, ka adana kowane rasit. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar nan, kuma wahalar tafiya sau ɗaya a shekara ba ta kai a saka ta a sikeli ɗaya da kuɗinsa ba. Idan kuwa garantin a baki ya tsaya, to mutanen Abuja ba su da wata falala a kan kowane gareji mai zaman kansa, kuma da ƙwarewarsu za a auna su, kamar yadda za a auna na Kano.

Akwai wani amfanin wakili na gaskiya da ba a cika tunawa da shi ba. Kamfanoni sukan gano aibi bayan mota ta shiga hannun jama'a, sai su kira ta a gyara kyauta. A shekarar 2021 kamfanin General Motors na Amurka ya kira dukkan motocin Chevrolet Bolt da ya sayar, kimanin 140,000, saboda wani lahani a batirinsu da ke iya haddasa gobara. Wanda motarsa ke cikin kundin wakili saƙo zai same shi har gida. Wanda tasa ta shigo ta bayan fage, sai dai ya tsinci labarin a intanet, in ma ya tsinta. Haka nan sabunta manhajar da ke kula da caji da zafin batir, yawanci ta hannun wakili take bi.

Yanzu ga abin da ake kira sabis ɗin kansa, wanda na tabbata ya fi ƙanƙanta a kan yadda kake zato. Abin da Baba ya saba yi wa motocinku duk bayan 'yan watanni shi ne juye: ya zubar da baƙin mai, ya canza filta, ya duba fulogi, wani lokaci ya leƙa bel da salansa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a motarka. Ba ta da baƙin mai na inji, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba ta da famfon fetur. Tana da ɗan akwatin giya mai gudu ɗaya wanda yake da nasa man, amma shi yakan daɗe ƙwarai kafin a taɓa shi. Wasu kamfanonin suna cewa a kawo mota duk shekara ko bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, wasu kuma duk shekara 2, kuma mafi yawan abin da ake yi a ranar dubawa ne: a haɗa kwamfuta a karanta lafiyar batir, a duba wayoyi da ruwan sanyaya, a duba birki da ƙafa da taya, a canza filtar iskar cikin mota. Ka buɗe littafinka ka ga abin da aka rubuta na sabis ɗin farko, ko da sai ka sa waya ta fassara maka, domin kada a lissafa maka aikin da motar ba ta da shi.

Abin da ya rage na lalacewa a motar, garinmu ne ke ƙara masa sauri. Filtar iskar da aka ce ta yi shekara, a Kano hunturu ɗaya ya ishe ta toshewa da ƙura, kuma canza ta aikin minti 10 ne. Taya kuwa ita ce inda masu motar lantarki suka fi kashe kuɗi, saboda batir kaɗai yakan kai nauyin kilo 300 zuwa 500, ga shi motar tana fizga da zarar an taka. Ka riƙa juya tayoyin duk bayan kimanin kilomita 10,000, ka duba iskarsu da safe kafin kwalta ta yi zafi, kuma idan za ka sayi sababbi ka tabbatar lambar nauyin da ke jikinsu ba ta yi ƙasa da ta waɗanda motar ta zo da su ba. Tsohuwar taya 'yar Kwatano, wadda ake ɗaura wa ƙaramar mota a lallaɓa, ba ta dace da wannan nauyi ba. Nauyin nan dai shi ne ke cin ƙafar mota a ramukan unguwa da tudun rage gudu. Birki kuma nasa lamarin akasin haka ne, domin idan ka ɗaga ƙafarka daga totur motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta cikin batir, saboda haka takalmin birki yakan daɗe bai cinye ba, sai dai rashin aiki yakan sa faifan ya yi tsatsa ko birkin ya riƙe, musamman bayan damina. Man birki kuwa yana shan danshi ko an taka ko ba a taka ba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2.

Duk wannan da na lissafa, in ban da karanta lafiyar batir da duba wayoyi da ruwan sanyaya, aikin Baba ne, kuma mai yiwuwa ya fi yaran Abuja iya shi. Mutumin da ya shekara fiye da 30 yana kwance ƙafar mota a titunan Kano, kunnensa kaɗai yakan gaya masa inda ƙara take fitowa. Ko da garantinka na gaske ne, taya da faci da daidaita ƙafa ba abin da za a je Abuja dominsa ba ne, sai dai ka tambayi wakilin a rubuce iyakar abin da ya yarda a yi a waje.

Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda mutane da yawa ba su san motar lantarki tana da shi ba. Shi ne ke tayar da kwamfutocin motar, su kuma su buɗe wa babban batir hanya. Na taɓa tsayawa a kan wani maƙwabcina da sassafe, ya fito zai kai yara makaranta, motarsa ta yi shiru kamar dutse, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa da rimot, alhali da daddare ya bar ta da caji kashi 80. Hankalinsa ya tashi, har ya fara lissafin miliyoyin da zai kashe, yaran kuma suna tsaye da jakunkuna a baya suna kallonsa. Ƙaramin batirin ne ya mutu, kuma kafin azahar an sa sabo motar ta tashi. Zafin Kano ba ya barin irin wannan batir ya yi tsawon rai, don haka idan naka ya doshi shekara 2 ka sa a riƙa gwada shi.

Inda nake jin tsoro ba wajen abin da Baba bai sani ba ne, domin dattijo irinsa idan ya ga abin da bai gane ba yakan ja da baya. Tsorona yana kan abubuwan da suka yi kama da waɗanda aka saba. Ɗauki misalin jak. Yaron gareji ya saba ya tura jak ƙarƙashin mota ya nemi duk inda ƙarfe ya yi faɗi ya ɗaga, amma a motarka wannan faffaɗan wurin shi ne cikin batir, kuma lotsa shi kaɗan yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin garejin gaba ɗaya. Akwai wurare 4 da aka ware don ɗagawa, suna cikin littafin, kuma wajibi ne ka nuna su ga duk wanda zai cire maka taya, har mai facin bakin titi. Ko ruwan sanyaya: mun saba idan lagireto ya yi ƙasa a fasa fiya wata biyu a zuba a wuce. A motarka ruwan nan yana zagaya batir da na'urorin wuta, wasu motocin ma nasu na musamman ne wanda ba ya ɗaukar lantarki sosai, saboda haka ba a haɗa shi da wani, kuma idan ya ragu to akwai inda yake zuba, wanda shi ne abin nema.

Na'urar sanyaya cikin mota ta fi su duka yaudara. Mai zuba gas na gefen hanya zai ga bututu irin wanda ya sani, ya ɗaura kayansa, ya ƙara gas da ɗan mai kamar kullum. Amma kwamfiresan motar lantarki da babbar wuta yake aiki, kuma man da ke cikinsa yana taɓa wayoyin da ke juya shi, don haka nasa man na musamman ne mai hana wuta wucewa. Idan aka gauraya shi da man motar fetur, motar tana iya ganin wuta na zurarewa ta ƙi tashi, kuma wanke bututun daga baya aiki ne mai tsada. A motoci da yawa wannan na'ura ita ce kuma ke taimakawa wajen sanyaya batir, saboda haka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, lalacewarta ta wuce zancen gumi. A kan wannan layi, ka hana masu wankin mota buɗe bonet su feshe ciki da ruwa mai ƙarfi, ko su kafa bakin famfo a wurin caji. Idan kuma ta tsaya maka a hanya, kada a ɗaure ta da igiya ko janwe ya ja ta tayoyinta suna gudu a ƙasa, domin jujjuyawar tayar tana haifar da wuta a cikin na'urar da ke juya tayoyin. Sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a bayan mota.

Sai kuma iyakar da babu sassauci a kanta. Idan ka buɗe bonet za ka ga wasu kauraran wayoyi masu ruwan lemo. An yi musu wannan launi ne a duk duniya don gargaɗi, domin wutar da ke bi ta cikinsu yawanci bolt 400 ce, a wasu motocin har 800, kuma ko an kashe mota akwai na'urorin da ke riƙe da wuta na wasu mintuna. Mai wayarin ɗin da ya saba gwada waya ta hanyar goga ta a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi, idan ya yi haka a nan ransa ne a kan layi. Duk abin da ya shafi waɗannan wayoyi, da batir, da na'urar caji ta cikin mota, ba na Baba ba ne, ba kuma na yaransa ba ne.

Idan ta tabbata ba ka da garantin kamfani, to aikinka shi ne neman wanda ya san wannan ɓangare, a Kano ko a Abuja, kuma allon da aka rubuta a ƙofar gareji ba hujja ba ne. Ka je da kanka ka zauna. Ka nemi ya nuna maka safar hannun roba mai jure bolt 1,000 da kayan aiki masu rufi, ka lura ko an ajiye su da tsabta ko suna cikin baƙin mai tare da sauran sifanu. Ka tambaye shi yadda yake katse babbar wuta kafin ya fara aiki. Wanda ya sani zai gaya maka yana cire fulogin tsaro, ya jira, sa'an nan ya auna da mita ya tabbatar babu wuta kafin ya sa hannu. Ka ce ya haɗa kwamfutarsa ya nuna maka lafiyar batirin da bambancin da ke tsakanin ƙwayoyinsa a allo, ka ɗauki hoto ka ajiye don kwatantawa baɗi. Wanda kwamfutarsa ba ta wuce goge fitilar gargaɗi ba, ka yi masa godiya ka tafi. Ka kuma tambaye shi daga ina yake samo kayan gyara da kwana nawa suke ɗauka, domin abin da za ka samu na Toyota a kasuwar Kofar Ruwa cikin awa guda, na motarka yana iya zama sai an yi oda daga Sin an jira makonni.

Kai ma kana da naka kason, wanda ya fi na kowane bakanike tasiri a kan tsawon ran batir. Zafi ne babban abokin gabarsa, don haka ka nema mata inuwa a kasuwa, kuma kada ka bar ta kwanaki a rana tana cike maƙil ko tana dab da ƙarewa. Ka duba irin batirin da ke cikinta. Motocin Sin da yawa suna amfani da wanda ake kira LFP, wanda ake so a riƙa cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci don lissafin cajin ya daidaita, sauran nau'o'in kuma sun fi son a tsaya wajen kashi 80 a zirga-zirgar yau da kullum. Sa'an nan ka sa ƙwararren mai wayarin gida ya ja wa wurin cajin layinsa daban, da waya mai kauri, da wayar da ake binnewa a ƙasa, da abin kariya daga hawa da saukar wuta, domin kowa ya san yadda wutar KEDCO take dawowa wani lokaci, kuma na'urar cajin cikin mota ba ta da arha.

Idan tafiyar Abuja ta kama, ka tuna tazarar ta haura kilomita 400, kuma adadin da allon ke nunawa a cikin gari ba shi za ka samu a babbar hanya da gudu da na'urar sanyaya a kunne ba. Ka tabbatar da wurin da za ka yi caji a Kaduna tun kafin ka tashi, da cewa bakinsa ya dace da na motarka, ko kuma ka yi cinikin motar da za ta ɗauke ta. Ka kuma tambayi wakilin ko yana turo ma'aikaci Kano, musamman idan kun haɗu ku da yawa masu irin motar.

Game da Baba, ina ganin abin da ya sosa masa rai ba kuɗin aikin ba ne. Mutumin da ya ga ƙuruciyarka a gefen Fijon mahaifinka, ya ji a bakin wani cewa za ka kai mota Abuja, dole ya ji kamar an sallame shi ba tare da sallama ba. Kada ka aika, kuma kada ka yi ta waya. Ka je garejin da yamma lokacin da aiki ya lafa, da motar da littafinta, ka gaishe shi yadda ka saba, ka buɗe bonet ka nuna masa wayoyin nan masu ruwan lemo. Ka ce masa, “Baba, waɗannan wutarsu ta fi ta gida ƙarfi, kuma ba zan yafe wa kaina ba idan wani abu ya sami ɗaya daga cikin yaranka a kan motata. Su zan kai wa masu na'urarsu. Amma ƙafa da birki da taya, ban yarda kowa ya taɓa mini ba sai kai.” Daga nan ka buɗe shafin da ke nuna wuraren sa jak, ku durƙusa tare ku nemo su a jikin motar, ka roƙe shi ya sa babban yaronsa ya yi musu alama da fenti. Tun da ta kai kilomita 14,000, in ba a taɓa juya tayoyin ba lokacinsu ya riga ya wuce, sai ka bar masa wannan aikin a ranar, ka zauna a benci ku yi hira har ya gama.